Shekarar da Aka Sauke Giyabos ɗin Shuɗiya

Ni ban iya lissafin shekarun boko ba, kada kowa ya tambaye ni lamba. Abin da na sani, an kai ni ɗakin mahaifinku a shekarar da aka canja hannun tuƙi, motoci suka koma dama, direbobi suka yi ta kiciɓis da juna a shataletale. Yayana Habu ya rasu da sanyin da aka yi tashin hankalin unguwar 'Yan Awaki. Maganar da zan yi muku yau kuwa ta faru ne a shekarar da soja suka canja launin kuɗi, mutane suka cika ƙofofin banki da buhuna da ƙullin zani, ina goyon Hauwa. Na sa a rubuta ta ne saboda ranar sunan ɗan Hauwar na ji da kunnena, ta bayan labule, ana cewa wai Innata ta koma ga Allah tana fushi da ni don na sa an farke motar ɗanta. Wadda ta faɗa ba a ma haife ta ba a lokacin. Ni ina wurin a tsaye, kuma har yau idona bai manta komai ba.

Sai kun san Yaya Habu kafin ku gane sauran. Mu biyu kaɗai muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, shi ne na fari, ni ce auta, mahaifinmu kuma tun ina ƙarama ya rasu. Gidanmu yana Challawa, a bakin hanyar da ke gangarawa kogi. Muna yara duk inda ka duba gonar dawa ce da fadama. Sai aka fara zuwa da igiyar awo ana kafa turaku, aka ce masana'antu za a gina, a Sharaɗa da nan Challawa, a kuma ƙara kan na Bompai. Gini kuwa ba ya tashi sai da yashi, yashin kuma a kogin bayan gidanmu yake. Yaya Habu ya fara da shebur, yana loda wa wasu. Daga nan ya koyi tuƙi, ya yi shekaru yana ja wa wani Alhaji, har Allah ya hore masa tasa tifar. A bakin kogin nan ya haɗu da mahaifinku, suka zama aminai, suka sayi mota iri ɗaya, ƙirar Ingila mai dogon hanci. Ta Yaya shuɗiya ce, don haka ake ce mata Shuɗiya. Ta mahaifinku ruwan ɗorawa ce, ake ce mata 'Yar Ɗorawa. In kun bi ta Sharaɗa kun ga dogayen katangun nan da yanzu ciyawa ta fito a kansu, to yashin da ke jikinsu, da yawa a bayan motocin nan biyu ya je.

Da Yaya ya kawo mini maganar abokinsa, cewa na yi ba na auren direba. Na ga matan direbobin doguwar hanya a unguwarmu, miji ya tafi Ikko ko Fatakwal, sai ya dawo ya tarar ɗansa ba ya gane shi. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke Asabe, tifa ai mota ce mai kwana a gida. In wannan mutumin ya taɓa kwana a waje, ki zo ki kama ni."

A kan wannan maganar na yarda. Muka zauna a Panshekara, kuma wallahi haka aka yi. Da asuba Malam, wato mahaifinku, ya fita, kafin magariba ya dawo, rigarsa duk yashi, aljihunsa da rake ko yalo na yara. Ban taɓa rufe ƙofata da dare ba sai yana ciki.

Akwai wani abu game da Shuɗiya da duk mutumin Challawa na wancan lokacin ya sani. In ta yi lodi ta taso daga kogi, akwai tudu daidai bayan katangar Inna. A nan direba ke fita daga giya ta biyu ya shiga ta uku. Sauran motoci gurnani kawai suke yi su wuce. Ita kuwa Shuɗiya tana shiga ta uku sai ta saki wata siririyar ƙara mai karkarwa, kamar mace na rangaɗa guɗa daga nesa. Makanikai sun ce wani haƙori ne a ciki ya ɗan ci, ba ya hana aiki. Yaya ya ƙi gyarawa, ya ce tunda bai yi aure ba, bari motarsa ta riƙa yi masa guɗar. Sau nawa yake wucewa a yini ban sani ba, amma kowane wucewa Inna tana ji. Ba ta taɓa ɗaga kai ba. Kun san ɗan fari a wurin matan da. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ba ta taɓa yi masa dariya a gaban mutane ba. "Yaron nan" take cewa, ko "mai motar nan". In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Amma ni da na tashi a ɗakinta na lura, da zarar guɗar la'asar ta wuce, sai ta miƙe ta dama fura ta rufe da faifai ta ajiye a zaure, ta ce wai ko baƙo zai zo.

Ranar wata Juma'a da hantsi ya faka Shuɗiya a gindin tsamiyar bayan gida zai sa mata giris. Ya ɗaga bodi, wato akwatin bayan da ke zubar da yashi, ya shiga tsakaninsa da shasi. Bai tokare da komai ba. Kullum haka yake yi, kullum kuma Malam yana yi masa faɗa. Wata tiyo ta mai ta fashe, bodin ya sauko. Inna tana tsakar gida ta ji ƙarar. Maza suka taru suka ɗaga suka fito da shi, aka yi masa sutura kafin a tafi masallaci. Mata suka cika gida ana kuka, ni har suma na yi. Inna kuwa tana zaune tana karɓar gaisuwa, idonta a bushe, tana cewa Allah ya ba mu haƙuri, kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Haka al'ada ta ce, haka ta yi.

Motar ta zauna a inda take. Ba direban da zai saye ta, domin su a wurinsu ƙarfen da ya sha jini ba a ja shi, ba a kuma cire wani abu daga jikinsa a sa a wata mota. Baffanninmu suka ce sun bar wa Inna. Tayoyi suka sace suka nutse a ƙasa, fenti ya koɗe. Amma kullum da safe Inna sai ta share ƙarƙashinta. Ba ta barin kaza ta yi ƙwai a ciki, ba ta barin yara su hau, ta shimfiɗa tsohon zaninta a kan kujerar direba. In an tambaye ta, sai ta ce macizai take gudu.

To, a shekarar canjin launin kuɗin nan abubuwa suka tsuke. Masana'antu suka fara sallamar mutane, jiniyar da ke tashinmu da safe wasu suka daina busa ta. Kayan gyaran mota suka ɓace daga kasuwa, an ce an hana shigo da su. Ana cikin haka, wata rana da azahar sai ga Malam ya shigo gida a ƙafa. Tunda muka yi aure ban taɓa ganinsa a gida da azahar ba in ba Juma'a ba. 'Yar Ɗorawa ta tsaya a hanyar Sharaɗa da lodi a bayanta, giyabos ya tarwatse. Giyabos shi ne akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙafar direba, wanda sandar giya ke shiga cikinsa. Shi ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi, a tifa kuma a jikinsa famfon da ke ɗaga bodi yake. In ya mutu, mota ta zama rumfa.

Makanikensa Malam Lasisi ne, Bayarabe haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi ta wasunku daɗi. Shi ya buɗe akwatin, ya ce haƙoran sun zube kamar na tsohuwa, ba abin da za a ɗinke. Suka shiga nema. Ƙofar Ruwa, Sabon Gari, garejojin Bompai, har Kaduna Malam Lasisi ya aika. Babu. Irin motar an daina kawo ta, waɗanda ke da ita kuma kowa ya riƙe tasa. Sati ya bi sati Malam yana zaune a ƙofar gida yana jan carbi. Ni na ƙara yawan wainar da nake yi wa ma'aikatan masaƙa, cinikin ya riƙe mana tukunya, ba mu taɓa kwana da yunwa ba, wannan ku sani. Amma namijin da ya saba fita da asuba, zama ciwo ne a gare shi. Ina kallonsa yana ramewa.

Wata rana bayan ya ci abinci ya wanke hannu, bai tashi ba. Ya ce ana ɗibar direbobi can inda ake gina sabon babban birnin ƙasa, kamfani ke ba da mota da wurin kwana, mutum ya zo gida da Sallah. Ya ce ya ba da sunansa, farkon wata za a tafi. Na ajiye kwanon da ke hannuna.

"Malam, ka tuna abin da Yaya ya ce mini a kanka?"

"Na tuna."

"To wa zan je in kama yanzu?"

Ya tashi ya fita.

Washegari Malam Lasisi ya zo, suna magana a zaure ina ji daga tsakar gida. Ya ce shi fa ya gaji da yawo, giyabos irin wannan guda ɗaya ya rage a duk ƙasar Kano, kuma Malam ya fi kowa sanin inda yake. Malam ya ce kada ya sake yi masa wannan maganar. Ya ce ko da direbobi ba su da camfinsu, da wane ido zai dubi surukarsa ya ce ta ba shi cikin motar da ta kashe mata ɗa? Gara ya tafi.

Ni na kwana ina juyi. Da gari ya waye na goya Hauwa, na ce masa zan je gaida Inna. Na san ina da rabo a motar nan, ƙanwa ce ni, malamai ma sun faɗa tun lokacin rasuwa. Amma ku ji da kyau, ban je neman gado ba. Roƙo na je yi, a durƙushe. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Na gaishe ta, na zauna na taya ta, na yi ta kewaye-kewaye har gyaɗar ta kusa ƙarewa. Sannan na faɗa mata komai, da lalacewar motar, da neman da aka yi, da tafiyar farkon wata. Na ce Inna, in ya tafi, gidana ya zama irin gidajen da na ce ba na so. Hannunta bai daina aiki ba. Ba ta dube ni ba ta ce:

"Ƙarfe ne. Ku ɗauka."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na san abin da na roƙa. Matar da ba a bari ta kira sunan ɗanta yana raye ba, ba a bari ta yi kukansa da ya mutu ba, abu ɗaya ta samu na riƙewa, ni kuma na zo na ce a buɗe cikinsa. Na sani, kuma na karɓa. In da za a mai da ni wannan ranar, zan sake roƙa.

Sai da na yi da gaske kafin Malam ya yarda. Ya je wurin limamin Panshekara, liman ya ce masa ƙarfe ba ya ɗaukar alhaki, ajali kuma ba a cikin akwatin giya yake zaune ba. Aka sa rana. Wata tifa ta jawo 'Yar Ɗorawa har gindin tsamiya aka ajiye ta gefen Shuɗiya, hanci da hanci, kamar yadda suke tsayawa a bakin kogi suna jiran lodi. Da na gan su haka sai da na koma zaure na share ido. Inna ta shiga ɗaki tun safe ta saki asabari. Ni na tsaya a bakin zaure inda nake ganin komai. Direbobi da 'yan lodi sun taru, amma can nesa, ba wanda ya matso. Wani tsoho a cikinsu ya ɗaga murya ya ce Malam ya ji tsoron Allah, yana da ƙananan yara. Malam Lasisi ya ce masa, Baba, na zo da galan na kalanzir, duk abin da ƙarfen nan ya sha zan wanke shi tas, in ya rage kai ma in wanke maka naka. Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba.

Ga inda wahalar take. Kafin a kai ga famfo da farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, dole a ɗaga bodi, mutum ya shiga daidai inda Yaya ya shiga. Injin Shuɗiya kuwa ya daɗe da mutuwa, ba zai ɗaga komai ba. Sai suka rataya sarƙar ɗaga nauyi a babban reshen tsamiya, suka ɗaura a gaban bodin, suka yi ta ja. Tsatsa ta yi ta zubowa, ƙarfe yana kuka, har bodin ya tashi ya buɗe baki. Malam Lasisi ya ɗauko wani guntun itacen darbejiya da suka zo da shi ya kafa a tsakani. Malam ya tuɓe riga ya ɗauki sufana, ya yi bisimilla. Sai na ji motsi a bayana. Inna ce, ta fito har zaure, ta leƙa ta kafaɗata. Kun san suruka ba ta magana da mijin 'yarta kai tsaye. Da ƙarfi ta yi maganar, don ya ji:

"Asabe, ki ce wa mijinki kada ya sa kansa a wurin nan da wannan tsinken. Ki ce su zo su ɗauki turmina."

Turmin nan na ƙirya ne, na kakata, sai maza biyu suke ɗaga shi. Aka mirgino shi, aka ɗora a kan shasi, aka sassauta sarƙa har bodin ya kusa zama a kansa. Sannan Malam ya shiga. Inna ta koma ɗaki.

Suka tsiyaye tsohon mai a kwano, baƙi ƙirin amma ba ruwa a ciki, Malam Lasisi ya shafa a yatsa ya ce Habu ya iya riƙon mota. Suka kwance farfela, suka cire famfo da tiyoyinsa, suka zare sandar giya ta cikin gidan direba. Notuna sun ci tsatsa, kowanne sai an jiƙa shi da mai an buga da guduma. Rana ta take. Malam yana kwance a kan shasi yana fama da wani noti da ya ƙi, sai reshen tsamiya ya yi ƙara, sarƙa ta zame. Bodin ya sauko. Ban san na yi ihu ba sai daga baya aka faɗa mini. Itacen darbejiyar nan ya karye kamar karan dawa. Turmi ya karɓe. Na ji ya yi wata ƙara daga cikinsa, ya tsage daga baki har kusan gindi, amma bai buɗe ba. Tsakanin bayan Malam da ƙarfen bai fi tafin hannu ba. Ya sulalo ya fito, ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon turmin. Masu kallo suka ce ai ga shi nan, an faɗa. Ni na waiwaya, na ga asabarin ɗakin Inna yana motsi.

Na ɗauka shi ke nan, zai ce a bari. Ya sha ruwa, ya yi alwala ya yi azahar, ya ce a ƙara sarƙa ta biyu a ɗaure turmin da igiya. Ya koma. Kafin la'asar suka tallafe giyabos da sarƙa, suka kwance notunan da ke haɗa shi da inji, suka ja shi baya a hankali, suka sauke shi a kan tsohuwar taya. Abu kamar ɗan maraƙi a kwance. Malam Lasisi ya buɗe murfin, ya wanke cikin da kalanzir, haƙoran suka fito fes suna ƙyalli. Ya nuna wa Malam wani guda da ya ɗan ci a gefe, ya ce wannan ba shi da na canji, amma zai kai su shekaru. Ba wanda ya tsaya tunanin abin da haƙorin nan yake yi. Ni ma ban yi ba.

Washegari aka ɗora shi a 'Yar Ɗorawa. Ɗora shi ya fi sauke shi wuya, domin sai bakin sandarsa ya shiga tsakiyar faifan kuloci daidai, in ya kauce ko kaɗan ba zai zauna ba. Suka yi ta turawa suna juyawa, Malam Lasisi yana yi wa ƙarfen magana da Yarabanci, har aka ji ya faɗa wurinsa. Aka ɗaure, aka mai da farfela da famfo, aka zuba sabon mai. Malam ya tayar, ya ɗaga bodi ya sauke, ya yi gaba ya yi ribas. Ya ce bari ya gwada ta da lodi. 'Yan lodi suka ƙi taɓa ta, shi da Malam Lasisi suka cika ta da shebur da hannunsu.

Ina tsakar gida ina ba Hauwa nono, Inna tana tankaɗe a gefe. Muka ji motar ta taso daga kogi. Ta kama tudu. Ta fita daga ta biyu. Sai guɗar nan ta tashi, siririya, mai karkarwa, daidai bayan katanga, kamar ba a taɓa binne kowa ba. Rariya ta faɗi daga hannun Inna, gari ya watse. Ta miƙe tsaye, ta yi taku biyu wajen ƙwaryar fura. Sai ta tsaya. Ta juya ta shiga ɗaki. A ranar na fara jin kukan mahaifiyata, a hankali, ta cusa zani a baki.

Malam bai tafi ba. Farkon wata ya zo, motar kamfani ta kwashi waɗanda za ta kwasa, shi yana bakin kogi. 'Yan lodi suka yi kwanaki suna gudunsa, da suka ga bai mutu ba kuma aiki ya yi wuya, suka dawo. Na samu abin da na roƙa. Amma da na faɗa masa abin da ya faru a tsakar gida, sai ya daina bin tudun bayan gidanmu. Akwai wata hanya ta can gabas, mai nisa, mai ramuka, da ke cin gas da taya. Ita ya koma bi, don kada Inna ta ji. Ni kuma in na je gaishe ta, ta amsa, ta karɓi yara, ta ba ni daddawa da kuka in taho da su, amma hira ta mutu a tsakaninmu. Ta daina share ƙarƙashin Shuɗiya. Ciyawa ta rufe ta. Wannan ne lokacin da mutane suka gani suka ce tana fushi, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma haka na ɗauka. Damina ta wuce a haka, kaka ta wuce. Mijina yana kwana a gida, ni kuma ina kwana da tunanin uwata.

Ana gab da azumi, wata rana da hantsi ina suyar waina, sai na ji sallama. Inna ce, a ƙafa, da sandarta. Tunda aka kawo ni Panshekara ba ta taɓa taka gidan ba, ko da haihuwa, don kunyar suruki. Na rasa inda zan sa ta. Ta ƙi shiga ɗaki, ta zauna a bakin murhu, ta sha ruwa. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wainata ta yi tsami. Sai can ta dubi wuta ta ce:

"Motar ta sake lalacewa ne?"

Na ce a'a Inna, lafiyarta ƙalau.

"To me ya sa ba na jin ta?"

Ta gyara itace a murhu, kamar shi ya kawo ta.

"Ki ce wa mijinki ya koma hanyarsa. Kuma kada ya bari Bayaraben nan ya gyara haƙorin. Yaron nan ya ce a bar shi."

Daga ranar har ƙarshen rayuwarta, 'Yar Ɗorawa ta bayan katangarta take bi. Ko ba lodi a kogi, ko aikin ranar a Bompai yake, Malam sai ya zaga ya hau tudun nan da la'asar ya sa ta uku. Furar zaure ta dawo. Shi yake tsayawa ya sha, ya ajiye ƙwarya, ya yi godiya ga bango, bango ya amsa masa. Bayan shekaru kaya suka samu, Malam Lasisi ya zo da sabon haƙori a takarda yana murna, Malam ya ce ya mayar. Inna ta rasu a shekarar da dam ɗin Bagauda ya fashe, kanta a cinyata, da la'asar. Abin da ta ce mini na ƙarshe shi ne in ɗaga asabari, ba ta ji sosai. Wannan ita ce matar da aka ce ta mutu tana fushi da ni.

Mahaifinku ya ja motar nan har idonsa ya raunana. Ban da hajjinsa, bai taɓa kwana a waje ba sai ranar da aka kai shi makwancinsa. 'Yar Ɗorawa da abin da ya rage na Shuɗiya masu sayen tsohon ƙarfe suka yanka suka tafi da su a rana ɗaya, tsamiyar ma an sare, shaguna ne a wurin. Yanzu manyan tifofi ke wucewa ta titin nan, masu taya goma, ƙasa na girgiza. In la'asar ta yi nakan sa a fito mini da kujera ƙofar gida. Kuna cewa iska nake sha. Saurare nake yi. Duk cikinsu ba mai muryar.

Cikin waɗanda suka tsaya a gindin tsamiya a ranar, Malam Lasisi ya rasu, an binne shi a nan Kano. Tsohon da ya yi gargaɗi ya daɗe da tafiya, direbobin ma na bi su ɗaya bayan ɗaya da addu'a. Saura Hauwa, wadda ke bayana a goye ba ta san komai ba. Saura ni. Sai turmin, yana nan a kusurwar ɗakina da tsagarsa da igiyarsa. Ba ya daka, kada kuma wanda ya fasa shi ya hura wuta bayan raina.